Kwalin Gilasai a Hanyar Runka

Ba zan taɓa mantawa da abin da bakina ya jawo mini a hanyar Runka ba, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A shekarun da 'yan bindiga suka matsa mana, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Safana, ina haɗawa da digiri na biyu. Bincikena a kan wani shafe ne da ake yi wa gilashi, siriri ƙwarai, gashin kai ma gungume ne a kansa. Ana haska shi da haskokin nukiliya masu ƙarfi a ɗakin gwaji, sannan a duba yadda suka sauya shi. (Inna dai cewa take fasassun madubai nake tarawa.) Ko yatsa ba a yarda ya taɓa shi ba.

Ran nan na ɗauko gilasan a ƙaramin kwali, zan biya gida kafin in kai su jami'a a auna. 'Yan sintiri suka tare babur ɗinmu. Babbansu, wani dattijo mai bindigar toka, ya ce, “Malam, mene ne a kwalin?”

Da na ce gilashi ne, da tuni na wuce. Amma ina, sai malanta ta motsa. Na gyara murya na ce, “Baba, kar a taɓa. An harbe su da nukiliya.”

Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ne ya fara arcewa. Aka ɗana mini bindiga, aka sa na tuɓe riga da hula na durƙusa a bakin hanya. Ina cikin rantse-rantse sai ga a-kori-kura maƙil da 'yan kasuwa, har da ɗalibaina mata. Ɗaya ta leƙo ta ce, “Ina wuni, Malam.” (Ban yafe mata ba.)

Dattijon ya ja baya, ya sa na buɗe kwalin da kaina. Da ya ga ba abin da ya tashi, sai ya matso ya ɗauki gilasan ɗaya bayan ɗaya, ya hura musu iska, ya goge su tas da bakin rigarsa.

“Sun ɗan yi datti ne,” in ji shi. “Allah ya ba da sa'a.”

Wahalar shekara guda ta tafi a jikin rigar. Ni kuwa, hawaye na neman zubowa, na ce, “Amin, na gode, Baba.”

Ban ga laifinsa ba, mutumin da ya binne 'yan uwansa dole ya binciki kwali. Kaina nake jin haushi. Yanzu in mai bindiga ya yi mini tambaya, ajiye digirina nake in amsa masa da Hausar kasuwa.