Yaƙin Malam Nafi'u da Gurnanin Hanyar Kano

Ku saurara, ya ku ma'abota hankali, ku ji tarihin Malam Nafi'u ɗan Barau, jikan Tanimu Mai Jakuna, wanda zuriyarsu ba ta taɓa yarda da tafiyar ƙafa ba matuƙar akwai abin hawa, ko da na aro ne. Nafi'u na Gumel, sarkin riƙon sitiyari, dodon kajin bakin titi, ma'abocin mota ruwan toka wadda ba ta tashi sai da turi da addu'a!

A shekarar da idon surukarsa Hajiya Tasalla ya yi yana, likita ya hukunta a riƙa kai ta Kano duk Laraba. 'Ya'yanta maza suna nan da ransu, amma sadaukin ya daki ƙirji ya karɓi wannan amana, domin tun ranar da ya auri 'yarta Zinatu yake neman hanyar nuna mata cewa ba a yi asarar 'ya ba. Hajiya ta shiga ta zauna daidai bayan kujerarsa. Shi kuwa, saboda kunyar surukuta, ya murɗe madubi ya mai da shi yana kallon rufi.

Suna barin gari ya taka totur, sai maƙiyi ya bayyana. Gurnani ne mai zurfi kamar na zuma a cikin amya, sannan kujera ta kama kyarma har cikin ƙashin bayansa. Ya ɗaga ƙafa, shiru. Ya sake takawa, gurnani ya dawo da rundunarsa. Wallahi in taya ta fice da Hajiya a ciki, da wane ido zai kalli Zinatu? Nan take ya yanke shawara irin ta jarumai: ya ƙara wuta, don a isa kafin masifa ta auku.

Washegari ya yi shelar yaƙi. Ya nemi gudunmawar Sallau Bakanike, gwarzon ƙarƙashin mota, mai rigar da baƙin mai ya hana a san asalin launinta. Suka hau titi su biyu, suka yi gudu har allurar maleji ta kwanta, amma ko tari motar ba ta yi ba.

"Fito, matsoraci!" in ji Malam Nafi'u, yana dukan sitiyari.

Sallau dai ba a kiransa ya koma hannu rabbana. Ya sauya boris, ya sauya tayoyi, ya daidaita ƙafafu, ya ɗaure salansa da waya, ya rantse cewa ya kashe abin har lahira. Laraba ta zagayo, gurnani ya tashi fiye da na da, har da wani sabon kuka siriri a ƙarshensa. Kai, abin ya ishi bawan Allah! Tuwo ya daina wuce masa, ya rame, ya fara zargin aljanun hanyar Gezawa.

Daga ƙarshe ya fito da dabarar da malaman tarihi za su daɗe suna jinjina wa: tunda maƙiyi ranar Laraba yake kai hari, a tafi da Sallau ranar Laraba. Bakanike ya zauna gaba ya kasa kunne. Aka taka totur, gurnani ya taso.

"Ga shi nan! Allahu Akbar!" in ji sadaukin.

Sallau, da yake ba surukarsa ba ce, sai kawai ya waiwaya. Ga Hajiya Tasalla ta runtse ido, ta ƙanƙame kujerar direba da hannu biyu, jikinta na ɓari, tana salati a cikin maƙogwaro baki a rufe, domin kunya ta hana ta ce wa mijin 'yarta ya rage gudu.

"Hajiya, lafiya kuwa?" in ji Sallau.

Malam Nafi'u ya gangara gefen titi ya tsaya, gumi na zuba, ya rasa inda zai sa kansa.

Hajiya ta gyara mayafi, ta dubi bakanike ta ce, "Ɗan nan, ka ce wa baban yaran nan Allah ya yi masa albarka, ya yi ƙoƙari. Amma daga yau motar haya zan riƙa hawa."

"Haba Hajiya, ai direbobin haya sun fi shi gudu!"

"Na sani," in ji ta. "Amma su ina iya buɗe baki in zage su."