Guɗar da Na Yi wa Kakar Raju

Ba zan taɓa mantawa da wata guɗa da na rangaɗa a Kazaure ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in na riƙe hanci zan yi guɗa a gidan biki, sai na tsaya na duba fuskokin mutane tukuna.

Lokacin ba a daɗe da yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan ba, maza suna ta sayen rediyo da babur, mata kuma mun haukace a kan leshi. Daga Gwiwa aka kawo ni. Maigidana masinja ne a wata makarantar kwana ta gwamnati, muna zaune a ƙananan ɗakunan da ke bayan gidajen malamai. Ina goyon 'yata ta fari, watanta biyar (Uwani nake ce mata, sunanta na yanka ba ya fita a bakina). Boko aji uku na yi, amma karatun fargaba kam na yi sauka. In yarinyar ta yi atishawa sai in ce shi ke nan. In ta yi barci da yawa sai in kai yatsa hancinta in ji ko tana numfashi.

Wadda ta cece ni ita ce maƙwabciyata, Maman Raju. Ba'indiya ce, mijinta malamin lissafi ne a makarantar, ɗanta Raju kuma ya girmi Uwani da wata biyu. Tana da wani ɗan ma'aunin zafin jiki na gilashi. Sau uku a yini sai in je mata a guje, ta sa wa Uwani a hammata, ta ɗaga shi sama ta duba, ta ce da ni cikin Hausarta mai gutsure-gutsure, "Uwani lafiya lau. Ke ce ba lafiya."

Ni kuma na biya ta da goyo. Raju mai kuka ne na gasken gaske, kullum yana hannunta, abincinta na ƙonewa. Da na gwada goya mata shi sai muka ga ba ya zama, domin sari take sawa, wato dogon ƙyallen nan nasu mai santsi da ake naɗewa a ƙugu a yafa ragowar a kafaɗa. Na ara mata riga da zani da majanyi. Ran nan Raju ya yi barcin da bai taɓa yi ba. Tun daga nan ta ninke sarinta ta sa a akwati, ta kama atamfa.

Sai dai akwai uwar mijinta a can ƙasarsu. Wani ya kai mata labari, ta aiko da wasiƙa cewa tana nan tafe, in kuwa ta tarar surukarta ta watsar da shigar gida, to za ta tattara ta da Raju su koma, shi malamin ya zauna shi kaɗai. Da Maman Raju ta fassara mini, tunani ɗaya ne ya zo mini. In ta tafi, wa zai auna mini Uwani? Muka shirya cewa kafin ranar zuwan tsohuwa za a ɓoye atamfofin a ɗakina.

Ana saura mako guda ta iso aka yi bikin ƙanwar maigidana a cikin gari, a gidan uwar mijina, Inna. Dangin mijina 'yar Gwiwa suke ce mini, wai ko ɗaurin kallabi ban iya ba. Ni kuwa na ƙudurta a raina sai na nuna musu irin ƙawar da nake da ita. Na yi ta zuga Maman Raju har ta sa aka kawo mata farin leshi daga Kano, fari tas, mai huji-huji, irin wanda ni ko a mafarki ban taɓa sawa ba.

Ranar wunin biki na je shirya ta. Ta ɗaga leshin tana juyawa, ta ce, "A garinmu ba a sa fari a biki."

Na ce, "Nan ba garinku ba ne, Maman Raju, nan Kazaure ne."

Ta ce, "Fari na mace ne wadda..."

Daidai nan Uwani ta yi tari. Na sauke ta, na buɗe mata baki, na ce a ɗauko ma'auni. Kafin a tabbatar mini nono ne ya sarƙe ta, maganar fari ta bi iska. (Da na bari ta ƙarasa wannan magana, da yau ba ni da labarin bayarwa.)

Na ɗaura mata zani, na kafa mata ɗaurin kallabi har ya rufe jan garin da take zubawa a tsagar gashinta. Na dubi jan ɗigon da ke goshinta, na ce bai dace da leshi ba, na sa bakin zanina na goge. Awarwaron gilashin da ke hannunta na ce suna kacau-kacau kamar an ɗaura wa akuya ƙararrawa, na zare su duka. Tana ta dariya. Ta ce, "To, tsohuwa sai mako mai zuwa. Yau dai in sha iska."

Wallahi ta yi kyau. Da muka shiga gidan, masu kiɗan ƙwarya sai da suka sassauta hannu. Mata suka yanyame ta, wannan ta taɓa leshi, waccan ta ce, "Kai, 'yar Gwiwa, ke kika yi mata wannan ɗauri?" Ni kuwa ina ta hura hanci. Inna da kanta ta sa aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma a tsakar gida kusa da amarya, wadda ke lulluɓe tana ta shessheƙa, ƙawayenta na taya ta.

Bayan la'asar muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Abin da ban sani ba, tsohuwa ta sauya ranar tafiya, wasiƙar da ta rubuta kuma ba ta iso ba (sai bayan kwana goma ta zo). Ta sauka a Kano ba kowa, wani ɗan ƙasarsu mai kanti ya sa ta a motar haya. Direba ya tarar da gida a kulle, aka kwatanta masa gidan biki. Shi ba ya jin yarenta, ita ba ta jin nasa.

Sai ga wata 'yar tsohuwa siririya ta shigo da jaka a hannu. Ina ganinta na gane kakar Raju ce. Na kuma lura farin sari ne a jikinta, ba ɗigo, ba awarwaro, ba komai. Maimakon in yi tunani, sai na ce a raina, "Ikon Allah, har sun yi anko!"

Ta tsaya ta dubi surukarta. Ta dubi goshinta, ta dubi hannayenta, ta dubi matan da ke kewaye da ita ana kuka. Jakar ta faɗi. Ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla ƙara, ta shiga bugun ƙirji tana kiran wani suna.

To, maigidana yakan shiga silima in an aike shi Kano, ya kuma sha ba ni labari cewa Indiyawa in sun daɗe ba su haɗu ba, da kuka suke fara murna, daga nan sai waƙa. Na ce to ga shi yau a gabana. Kuma baƙuwar ƙawata ce, ai ni ya kamata in tarbe ta. Na gyara goyo, na matsa gabanta, na riƙe hanci, na rangaɗa guɗa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta ukun ma har da juyi. Masu ƙwarya suka ɗauka, mata suka fara tafi. Tsohuwa tana birgima a ƙasa, ni ina kanta ina ayyururui.

Maman Raju ce ta fizgo hannuna, fuskarta sharkaf da hawaye. "Ki daina! Ki daina! Tana tsammani mijina ya mutu!"

Kiɗa ya tsaya cak.

Ta ce, "A wurinmu matar da mijinta ya mutu ita ke sa fari. Ita ake goge wa goshi, a cire mata awarwaro. Ba ki ga jikinta ba?"

Na gani mana. Tun shigowarta na gani, har na ce anko. Wato da hannuna na yi wa ƙawata shigar takaba, na zaunar da ita cikin masu kuka, sannan uwar mamaci ta zo na yi mata guɗa. Sai ga muryar Inna daga bakin ɗaki: "Ke 'yar nan, a Gwiwa haka kuke karɓar gaisuwa?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma tsohuwa ta ƙi yarda da rantsuwar surukarta, gani take ana ɓoye mata ne kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Numfashinta har yana sama-sama. Na san malamin yana makaranta yana yi wa 'yan jarrabawa darasin yamma. Ban tsaya neman takalmi ba. Ni da ba na yarda Uwani ta sha rana, na ƙara tamke majanyi na zuba a guje, ta cikin duwatsu, har makaranta. Na faɗa aji ba sallama, na ce, "Malam, taso, babarka ta zo ta ce ka mutu!"

Ɗalibai suka fashe da dariya. Malam ya hau babur ya bar ni da ƙura. Da na dawo ina ɗingishi, na tarar tsohuwa ta riƙe fuskarsa da hannu biyu tana shafawa, hannunsa duk alli. Tana hango ni ta nuna ni da yatsa ta yi magana mai tsawo. Ban buƙaci tafinta ba, amma Maman Raju ta faɗa mini a hankali: in an kwana bakwai tsohuwa za ta tafi da ita da Raju.

Washegari da hantsi na buɗe akwatina na ɗauko atamfa guda da ban taɓa ɗinkawa ba, cikin kayan aurena, ja mai zanen ruwan ɗorawa. Na ce tunda fari ne ya yi ɓarna, bari in kai ja. Tun daga nesa nake jin kukan Raju. Na yi sallama na durƙusa har ƙasa, na ce, "Kaka, na tuba. Rashin sani ne." Maman Raju ta fassara. Tsohuwa ta kau da kai.

Ina durƙushe ina kallonsu ta ƙasan ido. Maman Raju ta koma cikin sari, ɗigo ya dawo, awarwaro sun dawo, goyo kuwa babu hali. Tsohuwa ce ke riƙe da yaron tana jijjigawa tana yi masa waƙa, shi kuwa yana ta banƙarewa. Na ga ta gaji tiɓis. Na ga Raju yana miƙa hannu yana neman bayan uwarsa.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na tashi na karɓe shi, na dafa kafaɗar tsohuwa na nuna mata ta sunkuya. Don mamaki sai ta sunkuya. Na ɗora mata shi a baya, na warware atamfar nan na rufa, na zagayo na ɗaure mata a ƙirji, na kama ƙasan na soke.

Sai na ji Maman Raju ta ja numfashi. "Wayyo! Ita ba ta sa ja. Tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa ba."

Na ce a raina, shi ke nan, 'yar Gwiwa, kin kuma.

Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana kallon jan da ke ƙirjinta. Ta kai hannu kan ƙullin. Amma kukan ya fara raguwa. Na ɗan girgiza jikina na nuna mata, ta kwaikwaya, ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Kafin ta yi sawu uku Raju ya kwantar da kunci a bayanta, bakinsa a buɗe. Ta saki ƙullin. Ta ɗaga hannayenta biyu tana kallonsu, ga su a sake, ga yaro yana barci. Ta faɗi wata 'yar magana a hankali, sai Maman Raju ta toshe baki tana dariya tana hawaye.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ba ita ta sa ja ba. Raju ne ya sa."

A ranar aka yanke hukunci, ina zaune ana fassara mini. Zani ya halatta, tunda yaro yana so. Kowane launi ban da fari. Ɗigo da awarwaro kuma duk wadda ta sake taɓa su (nan ta dube ni) sai ta gamu da ita. Farin leshin kuwa ta ce kada ya sake kwana a gidan ɗanta, a ba wa mai guɗa.

Wata uku ta yi a Kazaure, kusan kullum da Raju a bayanta, har kasuwa. Ta koma ita kaɗai, da zannuwan goyo biyu a jakarta, wai akwai wasu jikokin a can masu kuka. Maman Raju tana nan, ko jiya sai da ta auna mini ƙanen Uwani ta ce ni ce ba lafiya.

Inna ba ta bar maganar ba. Duk bikin da aka yi sai ta ce, "A riƙe 'yar Gwiwa, kada a yi rasuwa ta ji." Ni kuwa sai in gyara zaman farin leshina, wanda duk dangin ba mai irinsa, in yi murmushi. Abu biyu na koya. In mutum ya fara da "a garinmu", ina bari ya kai ƙarshe, ko da yaro na tari. Guɗa kuma yanzu sai wata ta fara nake karɓa.