Yadda Za Ka Duba Bututu Ba Tare da Ka Sare Mangwaron Surukinka Ba

Shekara goma sha tara ina bin bututun mai da ke binne a ƙasa, ina neman inda tsatsa ta ci. Bi waɗannan matakai, na ba ka tabbacin rahotonka zai fito fes, aurenka ma ba zai girgiza ba.

1. Zargi na'ura

Kana tafe a kan layin bututu kana soka sandar awo, sai allurar na'urar awon ta karkata daidai gindin mangwaron surukinka, inda yake shimfiɗa tabarma kullum da la'asar. Wato rufin bututun ya ɓare a nan, danshi ya kai ga ƙarfe. Kada ka firgita. Buga na'urar da tafin hannu, ka ce batir ne. Za ta maimaita maganarta, domin ita ba ta da suruki.

2. Gaida tsoho

Durƙusa sosai. Zai sake gaya maka cewa ranar da aka haifi matarka ya dasa bishiyar, kuma har yau bokiti biyu yake zuba mata safe da yamma. Kai ka san inda ruwan yake sauka. Ce masa Allah ya ƙara lafiya.

3. Matsar da rami

Ƙa'ida ta ce a tona inda allura ta nuna, amma ba ta hana kuskuren taku arba'in ba. Kai mai haƙa can kan tudu, busasshen wuri. Idan ya zuba maka ido, kai kuma duba agogo. Bututun zai fito sumul kamar goshin jariri. Ɗauki hoto.

(Na daɗe ina tunani: tsatsar da ba a tono ba, alhakinta a wuyan wa yake? Mai hikima ba ya gaggawar samun amsa.)

4. Raba tsoho da inuwarsa

Ka ceci bishiya, saura mutumin da ke zaune a kan ƙarfen da yake sirancewa. Saya masa kujera mai laushi ka ajiye a zaure. Zai sa maka albarka, ya sa 'ya'yanka su kai masa ita gindin mangwaro, su ma su zauna kusa da shi.

Hattara

Ba ruwana da abin da zai biyo baya. Ni kaina a nan na karaya, na koma na durƙusa gaban surukina na faɗi gaskiya. Tsoho ya daɗe yana kallon bokitinsa.

"Wato shekara talatin tsatsa nake shayarwa?"

Sannan ya ce gatari na bayan ƙofa. Ni zan sare, da hannuna, matata kuma ni zan gaya mata.