Kalkuletar Da Ta Ƙi Kama Tasha

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinki ba. Ke fa, ya kwanan jahilci?"

Lauya ko ɗago kai ba ta yi ba. Kaka ne, mahaifin babanta, ya fito daga ɗakinsa yana jan silifa, ya same ta a teburin falo ta tasa littattafai a gaba. Tun tana tatata yarinyar nan ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, shi ya sa aka laƙaba mata Lauya, kuma Kaka ne abokin shari'arta na kullum. Amma yau bakin ya yi sanyi. Da hantsi za ta shiga jarrabawar lissafi, wadda in ta faɗi sai ta maimaita aji. Ga shi kalkuletar da yayanta ya bar mata, irin babbar nan mai zana layuka a fuskarta, ta wayi gari da taurin kai. Tambayoyin da ta yi daidai jiya, yau duk wadda ta danna sai amsar ta fito a karkace.

"Ana gaishe ki kina shan ƙamshi," Kaka ya ce yana jan kujera. "Ko an gaya miki na fasa auren ne?"

"Ka fasa mana. Wa ya yi asara? Mijin da haƙoransa ke kwana a kofi!"

"Gara nawa, suna samun hutu. Naki tun da suka tsiro ba su taɓa hutawa ba, in ba ci ba, surutu."

"Kaka, don Allah yau ka ƙyale ni. Kaina ya juye."

"Au, da can a miƙe yake?"

Ta tura masa kalkuletar gabansa. "Duba ka gani. Sayin talatin rabi ne, kowa ya sani."

"Wace kasuwa ce wannan, ka sayi talatin a ba ka rabi? Ai sai a kama mai kantin."

"Ba sayen kaya ba, tsoho! Sayin, lissafin kusurwa ne. Rabi ya kamata ta ba ni, amma dubi abin da ta jero mini, har da alamar ragi a gaba. Zanen ma tudu ɗaya da kwari ɗaya ya kamata ya fito, sumul." Ta danna, fuskar ta cika da tsini-tsini kamar haƙoran zarto.

Kaka ya gyara tabarau, ya ƙura ido. "Ai wannan ba laifinta ba ne. Hoton bakinki ta ɗauka."

Lauya ta ciji leɓe, idanunta suka kawo ruwa. Tsoro ne ya kama ta na gaske. Na'ura ai ba ta mantuwa, to ko dai ita ce duk abin da ta haddace ya zube a hanya? Ta ce a hankali, "Wallahi ina jin ni ce ban iya komai ba."

Nan fa Kaka ya yi gyaran murya, ya ɗaga kai yana nazarin silin, sai ka ce yau aka kafa shi. Lauya ta san wannan kallon. Shi yake yi duk ranar da aka nemi sukari a kicin aka rasa. Ta ɗauki kalkuletar ta kai hanci. Man zafi! Warinsa har cikin maɓallai.

Ta share ido, ta gyara zama. Bakin ya dawo.

"Kaka, ina kake jiya da yamma, lokacin da na je darasi?"

"Ina nan zaune ina roƙon Allah ya kawo mai kwashe ki."

"Wa ke shafa man zafi a gidan nan?"

"Duk mai gwiwa."

"Kalkuleta tana da gwiwa?"

"Na sani? Ni na haife ta?"

"Ka taɓa ta ko ba ka taɓa ba?"

"Taɓawa daban, gyara daban." Ya harɗe ƙafa, ko a jikinsa. "Gyara na yi miki, maimakon ki gode. Rediyona yana wurin mai gyara, lokacin labarai ya yi, yayanki kuma da bakinsa ya ce wannan abu babu abin da ba ya yi. Na danna nan, na danna can, sai ga rubutu ya jeru. Me zan gani? Digiri! Har an yi masa baƙin shafi don kowa ya gani. Na ce oh ni, ƙarya ta kai nan? Yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba, na'urarta tana iƙirarin digiri!"

"Sai ka yi me?"

"Sai na sauke ta daga kan girman da ba nata ba. Kusa da shi na ga an rubuta rediyo, na ce yauwa, ga abin da nake nema."

"Rediyo?"

"Ra, di, rediyo. Sun ɗan yi kuskuren rubutu daga ƙarshe, amma mai ilimi ai zai gane."

Lauya ta dafe kai da hannu biyu. "Radiyan! Radiyan ne, Kaka! Ma'aunin kusurwa ne, shi da digirin, kamar yadi da mita wajen tela. Na ba ta awo da yadi, kai ka sa ta tana yanka da mita!"

"To laifin wa? Wa ya ce su sa masa sunan rediyo?"

Lauya ta shiga wajen saiti, ta ga baƙin shafin zaune daram a kan radiyan, ta mayar da shi kan digiri, ta sake danna sayin talatin. Sifili, ɗigo, biyar. Rabi cif! Ta danna zane, layin ya hau tudunsa ya gangara kwarinsa lafiya lau. Wani daɗi ya rufe ta, ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

"Ashe ba ni ba ce! Ashe kai ne!"

"Ke ce mana. Wane irin ɗalibi ne ba ya duba saitin kayansa? Darasi na koya miki, kyauta."

"Darasin ɓarna! Wallahi sai na kai ƙararka wajen Baba."

"Kai ni. Ni na yi masa wankan jariri, mu ga wanda zai hukunta."

Tana cikin dariyar sai fuskar kalkuletar ta dusashe, wani gargaɗi ya fito: batir ya kusa ƙarewa.

"Kaka, har tsawon wane lokaci ka yi kana danne-danne?"

"Ai tasha ba ta kamuwa da garaje. Na fita da ita waje, na ɗaga sama, na kara a kunne, na zaga bayan gida. Ko tari ba ta yi mini ba, 'yar banza."

"Ka shanye mini batir! Kantin bakin titi bai buɗe ba, ni kuma yanzu zan fita. In ta mutu ina tsakiyar jarrabawa fa?"

Kaka ya miƙe, ya shige ɗaki, ya dawo rungume da na'urarsa ta awon jini. Ya kifa ta a kan tebur, ya sa farce yana kokawa da murfin bayanta. Sai da ya sha fama kafin ya buɗe, ya zazzage batiran a tafin hannunta. Irin nata ne sak.

Lauya ta tsaya tana kallonsu. "Kaka, likita fa ya ce kowace safiya ka auna. Yau ba ka auna ba."

"Likita bai san abin da ke tayar mini da jini ba. Ke ce. Kina fita zai sauka da kansa."

Ta sa batiran, fuskar ta yi haske tar. Ta sake leƙa saitin, digiri na nan inda ta bar shi. Ta buɗe baki za ta harba masa wata, sai idonta ya sauka kan na'urarsa, ta rufe bakin.

Kaka ya fashe da dariya har yana buga tebur. "Yau na ga abin mamaki, Lauya ta rasa ta cewa! To na yarda, kin ci wannan shari'ar, ni ne mai laifi. Kwashi tarkacenki ki ɓace mini da gani."

Ta rataya jaka, ta kai bakin ƙofa, ta juyo. Yana zaune da na'urarsa a cinya, bayanta a buɗe, ba komai a ciki.

"Kaka…"

"Yi sauri, ke," ya ce yana kora ta da hannu, "tun kafin in gane alheri na yi miki."