Tutar Ƙwan Zabuwa

A shekarar da ƙwai suka fara ɓacewa a Dajin Gwaska, hankalin kowa ya tashi. Tsuntsuwa ta tafi shan ruwa, ta dawo ta tarar da sheƙa wayam. Kuka ya yi yawa har ya hana Sarki Zaki barcin rana, shi kuwa abin da ba ya yafewa ke nan. Sai ya kira majalisa.

Guza, Ministan Tsaro, ya miƙe ya gyara murya. Ya ce ya yi bincike mai zurfi, ya gano cewa matsalar ɓoye-ɓoye ce. "Ranka ya daɗe, yaya maƙwabci zai tsare abin da bai san inda yake ba? Daga yau duk mai ƙwai ta kafa jar tuta a kan sheƙarta, maƙwabta su zauna gadi. Tsaro aikin kowa ne!" Aka tafa har da ƙafafun baya.

Ana nan, akwai wata zabuwa, Delu, wadda tunda take ba a taɓa sace mata ƙwai ba, don ko mijinta bai san inda take sakawa ba. Ta ce ita kam ta gode, a bar ta da ciyawarta. Ai fa ta jawo wa kanta! Maƙwabta suka ce mai gaskiya ba ta ɓuya. Biri ya hau bishiya yana leƙenta, Bushiya ta bi ta har wurin ba-haya. Delu kuwa ba ta iya saka ƙwai ana kallonta, sai ta riƙe, ta riƙe, har tafiya ta koma mata ta agwagwa.

Da ta ga za ta fashe, ta je wurin Jaki. Jakin nan, wallahi, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, hankalin ne dai aka yi masa ƙwauro. Ta nuna masa wani ƙunci a ƙarƙashin magarya, ta roƙe shi ya riƙa sa ido daga nesa, bakinsa alaikum. Ya rantse, ita kuwa ta shiga ta saka ƙwanta.

Ya kuwa yi gadin da zuciya ɗaya. Ganye ya motsa, Jaki ya kwarma ihu cewa kowa ya yi nesa da magaryar nan. Kafin la'asar duk daji ya hallara. Aka kafa tuta, Biri ya kawo kalangu. Guza ya zo da kansa, ya yaba wa Jaki, sannan ya ce wurin ya cika jama'a, don haka za a kai ƙwan ofishinsa a adana. Haka ya bi kowace tuta yana adanawa. Delu ta yi kuka har muryarta ta dushe.

A zama na gaba Guza ya sanar cewa wata guda cur ba a saci ƙwai ko ɗaya ba. Zaki ya ba da umarni a ƙara masa girma. Delu ta ɗaga fiffike daga can baya.

"Ranka ya daɗe, ni tambaya ɗaya gare ni. Yaushe 'ya'yana za su ƙyanƙyashe?"

Guza ya yi murmushi, ya buɗe baki zai amsa, sai wata doguwar gyatsa ta riga maganar fita. Ƙarnin ƙwai ya kai har kujerar Sarki. Zaki ya dubi sama, majalisa ta dubi ƙasa. Jaki ya ɗaga kofato zai tafa, ya ga fuskar Delu, ya sauke shi a hankali.