Ranar da Na Kai Baturiya Tashar Manyan Motoci

Ba zan taɓa mantawa da kunyar da wata 'yar mitsitsiyar kalmar Turanci ta ja mini a Maigatari ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ina koyarwa a wata firamare a Sule Tankarkar (Turancin ma fa nake koyarwa, don ku ji girman abin). Wata Baturiya mai bincike ta zo, hedimasta ya ce ni zan yi mata tafinta. Ta ce mini "lore" ɗin mutanenmu ta zo nema. Ni kuwa kunnena "lori" ya ji, wato babbar mota. Maimakon in tambaya, sai na gyaɗa kai na ce ai ta zo gidan abin.

Ranar kasuwa na kai ta tashar manyan motoci ta Maigatari, na tara mata direbobi, har da babbansu Alhaji Sani, wanda nake neman auren 'yarsa. Na sa aka buɗe mata inji, ana nuna mata birki da giya, ina ta zuba Turanci don Alhaji ya ji. Ita dai kallona kawai take yi.

Can ta ce mini a hankali, ilimin gargajiya take nufi: yadda tsofaffi ke gane damina ta kusa, maganin dabbobi, tatsuniyoyi.

"Malam, me ta ce?" in ji Alhaji.

Da bakina na fassara abin kunyata. Tasha ta kaure da dariya, wani direba har da riƙe ciki. Alhaji bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya ce, "Ɗana, da wurin tsohuwata ka kai ta. Mu nan gas muka sani."

Wane irin yare ne wannan, fisabilillahi? Ilimin kakanni da motar ɗaukar shanu a ce kusan sunansu ɗaya! Kuma ita Baturiyar me ya hana ta yi magana tun muna hanya?

Auren dai an ɗaura, amma har gobe direbobin nan Malam Lori suke kirana, suna danna mini ham in na wuce.

Yanzu ko gaishe ni Bature ya yi, sai ya maimaita kafin in amsa.