Ranar da na yi wa uwar Balkisa wa'azi

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarata ta farko ina koyarwa a wani ƙauye na ƙasar Kurfai, saboda wata yarinya mai suna Balkisa. Ajin ƙarshe na firamare aka ba ni, ita kuma tana bencin gaba, hannunta kullum a sama. Kafin in gama rubuta lissafi a allo ta ba da amsa, sannan ta bi ni da "Madam, don mi?" har sai kaina ya yi zafi. Idan na ce a bi ta nan, sai ta kawo wata hanyar, kuma abin haushi hanyarta ta fi tawa sauƙi. Ina sonta, amma wallahi wani lokacin in na hango ta tafe sai in ce yau ma na shiga uku.

Da sakamakon jarrabawa ya fito, ita ce ta ɗaya. Sai dai kwaleji a Filinge take, kuma idan iyaye ba su yarda sun nema wa yaro masauki a can ba, karatu ya ƙare ke nan. Na ce mata zan je gidansu.

"Madam, in kin tahi ki nemi Gwaggo. Kar ki yi ma Inna zancena."

Na ce a raina, yau kuma tsara min za ki yi? Wannan karon dai ba za ki koya min aikina ba. (Na ci ado kuwa, har da jakar hannu.)

Na tarar da mata cike da tsakar gida suna surfe. Aka nuna min Inna, mahaifiyarta, na zauna na fara zuba yabo: Balkisa kaza, Balkisa kaza. Matar nan ko kallona ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai tana bakace, can ta ce, "Waccan? To."

Waccan! Raina ya ɓaci. Na miƙe tsaye kamar ina gaban aji, na ce ban taɓa ganin uwar da ba ta damu da 'yarta haka ba, ko sunanta ba za ta iya faɗa ba. Na yi bayanin hakkin yara, na kawo misalai, har da ɗaga yatsa. Taɓarya duk ta tsaya.

Wata dattijuwa ce ta fara dariya, har tana riƙe ciki. Gwaggo ke nan, yayar baban Balkisa.

"Madam, ɗiyar hwari ta hwa! Kina so ta kama sunanta gaban mutane? Ku can Yamai ba ku da kunya?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ni ma 'yar fari ce, kuma har yau uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. Kawai ban tambaya ba. Gwaggo ta ce ai tun kafin jarrabawa Inna ta aika wa ƙanenta da ke Filinge, masauki ya samu, har hatsin da yarinya za ta tafi da shi ne ake surfawa.

Na ba da haƙuri da wata murya da ban san ina da ita ba, na suri jakata. Ina cikin zaure sai na ji tafiya a bayana. Inna ce. Ta leƙa ta ga babu kowa, ta kama hannuna, ta yi ƙasa da murya.

"Madam, abin nan da kinka ce ta yi ga lissahi, sake hwaɗa min. Ɗazu ban ji da kyau ba."

Na sake faɗa mata tun daga farko, tana share ido da bakin zane. Ni ma sai da na share nawa.

Washegari Balkisa ta dube ni ta ce, "Madam, ai na hwaɗa miki." Tun daga ranar, kafin in buɗe baki a gidan mutane sai na tambayi wane ne ɗan fari. Idan kuma ɗaliba mai taurin kai ta ce in bi ta can, to ta can nake bi.